Shehu Abubakar Garbai: Sarkin da Ya Gaji Kufai, Ya Bar Birni

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, bari in fara da gaya maka abin da ya kai ni ga wannan rubutu, domin ni ɗalibin harshe ne kamar kai, tarihi ba fagena ba ne. Da asubahin ranar Talata, 10 ga watan Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya ɓalle ya shigo Maiduguri. Ya ci Gwange, ya shiga babbar kasuwar da ake kira Monday Market, ya shiga gidan namun daji na Sanda Kyarimi, har fadar Shehu bai ƙyale ba. Ɗakinmu na cikin waɗanda suka zauna. Mun tsira da rayukanmu, alhamdu lillahi, amma duk takardun da na shekara ina tarawa don kundin digirina sun tafi. Laifin kuwa nawa ne. Tun da yamma ake ta cewa kogi ya cika, a ɗaga kaya, ni kuwa na bar jakata a ƙasa na yi kwanciyata. Na yi makonni ba na son ko ganin biro.

A cikin wannan hali ne wata rana na bi ta gaban makarantar Shehu Garbai, sai na tambayi kaina, shin wane ne ma wannan mutumin da kullum nake wuce sunansa? Da na bi diddigi, sai na tarar ashe garin nan da muke kukan ya rushe, wanda ya kafa shi mutum ne da duniya ta rushe masa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma da hannunsa a cikin wani sashe na rushewar.

Asalinsa da Gidan da Ya Taso

Abubakar Garbai ɗa ne ga Shehu Ibrahim Kura, shi kuma ɗan Shehu Umar, ɗan Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu. Ke nan tattaɓa-kunnen Shehu Laminu ne. Tun da mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu ɗan tsaya a kan sunayen. Garbai dai shi ne Garban da Hausawa ke yi wa Abubakar laƙabi da shi, Kanuri kuma kan ce Bukar, shi ya sa za ka ji tsofaffi na cewa Shehu Bukar Garbai. Sanda laƙabin Umaru ne a wurinmu da wurinsu. Kura a Kanuri na nufin babba, ba ruwansa da kurar daji, kishiyarsa kuma ita ce Gana, wato ƙarami. Mai karatu ya riƙe wannan, don za mu haɗu da Sanda har uku a gaba.

Gidan nasu ya samu mulki ne ta dalilin wani bala'i. A shekarar 1808 masu jihadi suka ci Birnin Gazargamu, hedikwatar Borno ta sama da shekara ɗari uku. Mai na lokacin ya nemi taimakon wani malami, wato Shehu Laminu, shi kuwa ya taimaka aka kore su. Gazargamu ba ta sake komawa yadda take ba. A 1814 Shehu Laminu ya gina sabon gari kusa da tafkin Cadi, aka sa masa suna Kukawa saboda itacen kuka. Ya rasu a 1837, ɗansa Umar ya gaje shi. A 1846 mayaƙan Wadai suka washe Kukawa, Shehu Umar ya sake gina ta, kuma a shekarar ce sarautar gidan Saifawa ta ƙare, mulki ya koma hannun Shehunai kacokan.

Kukawar da Garbai ya buɗe ido a ciki gari biyu ce, kowane da ganuwarsa. Na gabas na Shehu ne da fadawa da manyan bayi, na yamma na talakawa da fatake. Akwai faffaɗan titi da ake kira dandal, wanda ya miƙe har ƙofar fada. Ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus ta Fezzan, fataken Kano na kawo tufafi da goro, almajiran ƙasar Hausa kuma na tururuwa neman Alƙur'ani, abin da har yau muke kira tafiya gabas. Wannan tsohuwar hulɗa ce ta bar mana kalmomi irin su kasuwa da galadima da ciroma da yarima da kacalla. Masanin harshe Greenberg ma ya kawo hujja cewa karatu da rubutu ta hannun Kanuri suka shigo Hausa. Turawa masu yawon bincike irin su Barth a 1851 da Nachtigal a 1870 duk sun sauka a garin.

Sai dai a ƙarƙashin wannan ƙawa gidan ya fara tsatsa. Bayan rasuwar Shehu Umar a 1881, ɗansa Bukar Kura ya yi kamar shekara uku, Ibrahim Kura mahaifin Garbai ya yi kamar shekara guda, sannan Hashimi ya hau a 1885. Cinikin hamada na ja da baya, baitulmali na ramewa, ’ya’yan sarki kuma kowa na hangen gadon.

Zuwan Rabe

Rabe ɗan Fadlallah mutumin Sudan ne daga wajajen Hartum, ya yi aikin soja a ƙarƙashin Zubairu Fasha, daga baya ya ja tasa runduna ya nufo yamma. Mutanensa ba su kai na Borno yawa ba, amma suna da bindigogi da horo irin na bariki. A 1893 ya karya rundunar Borno a Amja, ya sake karya ta a Lekarawa, inda Shehu Hashimi da kansa ya fita. Daga nan aka shiga Kukawa, aka kashe na kashewa, aka kama na kamawa, aka cinna wa garin wuta.

Abin da ya biyo baya ya fi cin garin ɗaci. Hashimi ya gudu wajen kogin Yobe, can ’yan gidansu suka naɗa ɗan ɗan'uwansa Kyari, aka kuma kashe Hashimin. Kyari namiji ne, ya tara jama'a ya kara da Rabe a Gashegar a farkon 1894, har ya kore shi daga sansaninsa. Amma maimakon a bi abokan gaba, sai mayaƙa suka ɓuge da kwasar ganima. Rabe ya tattara mutanensa ya dawo, nasara ta juye, aka kama Kyari aka kashe. Ɗan'uwansa Sanda Wuduroma da aka naɗa bayansa, shi ma bai daɗe ba aka gama da shi. Rabe ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, ya mulki Borno shekara bakwai. Jikokin Shehu Laminu suka warwatse, wasu a Dikwa ƙarƙashin idon Rabe, wasu a Damagaram, wasu a wasu ƙasashen.

Ka tsaya ka auna wannan. Cikin ƙasa da shekara biyu Shehu uku sun tafi, babu wanda ya mutu a kan shimfiɗarsa, ɗaya ma ’yan gida ne suka kashe shi. Wannan shi ne gadon da ke jiran Garbai.

Sarautar da Aka Saya da Bashi

A shekarar 1900 rundunonin Faransa uku suka haɗu a bakin tafkin Cadi, ɗaya daga Aljeriya ta hamada, ɗaya daga yamma ta Damagaram, ɗaya daga Kwango ta kogin Shari. Wan Garbai, wato Umar Sanda Kura, ya sadu da ta hamadar a watan Janairu, suka amince da shi a matsayin Shehun Borno. Ranar 22 ga Afrilu, 1900, aka gwabza a Kusuri, aka kashe Rabe, kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. Da sunansa aka kira barikin Fort Lamy, wanda ya zama Injamena a 1973.

Aka zaunar da Sanda Kura a Dikwa. Sai dai taimakon Faransawa ba na Allah da Annabi ba ne. Suka yanka masa ladan aiki, dalar azurfa 30,000, irin mai hoton Mariya Tereza wadda Kanuri ke kira gursu. Ina ƙasar da aka shekara bakwai ana tatsa za ta samo wannan? Ya biya wani kaso, aka kuma matsa masa a kan Larabawan Shuwa, suka saɓa. Kafin shekarar ta ƙare sun tuɓe shi, sun tura shi zaman gudun dole a Kwango. Suka juyo ga ƙanensa Garbai, shi kuwa ya karɓi sarautar, ya kuma ɗauki alkawarin biyan ragowar 21,000.

A nan ne nake ganin babban kuskurensa na farko, kuma ba zan ɓoye ba don kawai ina rubuta tarihinsa. Ya zauna a kan shimfiɗar da aka janye wansa daga kai, bisa sharaɗin da ya san daga jikin talakawa za a fitar da shi. Mai kare shi zai iya cewa da bai karɓa ba, da wani aka ba, wataƙila ma wanda ba ɗan gidan ba. Wannan magana ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma manomin da aka ƙwace wa saniya don a cika gursun Bafaranshe, ba na jin wannan hujja za ta sanyaya masa rai.

Kuskure na biyu shi ne dogara da bindigar wani. Rabe ya mutu amma ɗansa Fadlallah, wanda mutane ke kira Fadarallah, na nan da ragowar runduna. Da ya ga Faransawa sun janye sun haye Shari, sai ya dawo a ƙarshen 1900, ya ci Dikwa, ya bi Shehu har Ngala ya karya shi. Garbai ya tsere sai Kanem. Bai fi ’yan watanni da hawa ba, ga shi babu gari, babu runduna, ga bashi a wuya. Sai da Faransawa suka sake korar Fadlallah sannan suka dawo da shi Dikwa a 1901.

Akwai wani abin da ya fi wannan haɗari. Fadlallah ya koma yankin da Ingila ke da'awa, ya aika wa Ingilishi yana neman su amince da shi a matsayin mai mulkin Borno. Suka tura masa Manjo McClintock a tsakiyar 1901, ya ga rundunarsa, ya koma ya ba da shawarar a ba shi. Wato saura ƙiris gidan Shehu Laminu ya zama labari. Ɗaliban adabi za su so su san cewa tafintan wannan tafiya shi ne Maimaina, wanda daga baya ya zama Sarkin Askira, kuma ya ba da tarihin rayuwarsa da Hausa a littafin Labarin Maimaina na Jega, Sarkin Askira, wanda hukumar NORLA ta buga a 1958. Duk mai nazarin rubutun zube na tarihin kai ya neme shi. Kafin Ingilishi su yanke shawara, Faransawa suka kutsa har Gujba suka kashe Fadlallah ranar 23 ga Agusta, 1901. Ladan wannan aikin kuma? Suka ƙara wa Garbai wasu 50,000. Jimillar abin da aka ɗora wa Borno ta kai 80,000.

Fita Daga Dikwa

Wani abin mamaki shi ne, a shekarar 1893 ɗin da Kukawa ke ci da wuta, Ingila da Jamus sun riga sun ja layi a takarda sun raba Borno. Dikwa ta faɗa rabon Jamus, Kukawa da mafi yawan ƙasar suka faɗa rabon Ingila, gabashin tafki kuma ya zama na Faransa. Ke nan a 1902 Garbai na zaune a garin Jamusawa, yana biyan Faransawa, alhali akasarin talakawansa na hannun Ingilishi.

A farkon shekarar Kanar Morland ya iso Borno da sojojin Ingila. Suka aika wa Shehu cewa in ya tsallako za su amince da shi a matsayin Shehun Borno, kuma biyan Faransawa ya ƙare. A watan Afrilu, 1902, ya tattara jama'arsa ya bar Dikwa, gab da isowar Jamusawa. Aka naɗa Sanda Mandarama a can, abin da ya haifar da masarautar Dikwa daban. Wannan shi ne Sanda na uku da na yi alkawari.

Wasu za su ce ai sauya ubangida kawai ya yi, ya fita daga hannun wannan Bature ya shiga na wancan. Haka ne. Sakkwato da Kano a 1903 sun zaɓi su yi yaƙi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi, kuma muna girmama su a kan haka. Amma Borno ta riga ta yi nata yaƙin shekara tara kafin nan, ta zubar da jininta a Amja da Lekarawa da Gashegar da Ngala. Wanda ya rage ba shi da dokin hawa balle na kai hari. Abin da ke gaban Garbai shi ne ya zaɓi wurin da zai iya tara mutanensa, ya tsayar da tatsar da ake musu. A ganina wannan ne karo na farko da ya dubi halin da yake ciki da idon basira, ya gyara wani abu daga cikin ɓarnar da ya sa hannu a kai.

Komawa Kukawa

Ya fara sauka a Munguno, amma zuciyarsa na Kukawa. Wa zai ga laifinsa? Can aka haife su, can kabarin Shehu Laminu da na Shehu Umar suke. A tunanin kowane ɗan gidan, Borno ba ta dawo ba sai an sake buga tambari a dandalin Kukawa. Don haka ya koma, ya sa aka fara share kango ana ta da katanga. Baturen nan mai yawon bincike, Boyd Alexander, a can ya same shi a 1904.

To amma gari ba katanga ba ne. Mutanen da suka watse shekara goma sun yi gonaki da aure a wasu wurare. Ruwa na wahala. Hanyar hamada da ta ciyar da Kukawa ta mutu, kaya sun koma bin kogin Binuwai da hanyar Kano. Su kuma Ingilishi sun kafa barikinsu a Mafoni, can kudu a bakin kogin Ngadda, tafiyar kwanaki daga Kukawa, suna kuma son Shehu kusa da su. Shekaru aka yi ana fama, garin ya ƙi tashi.

Wannan gaɓar ce ta fi taɓa ni a duk tarihinsa, kuma ita ce dalilin rubutun nan. Mu matasa idan aka ce mana mu kyautata zato, mukan ɗauka ana nufin mu rufe ido mu ce komai zai koma yadda yake. Da irin wannan ne kyakkyawan zaton Garbai, da ya zauna a Kukawa har ya mutu yana jiran ayarin da ba zai zo ba, kuma da mawaƙa sun yabe shi da riƙon gidan uba. Abin da ya yi ya fi haka wuya. Ya yarda cewa abin da ya fi so a duniya ya tafi, ya yarda cewa shekarun da ya kashe a kansa ba su haifar da abin da ya nema ba, sannan bai ɗauki wannan a matsayin ƙarshen Borno ba. Hausawa kan ce in rawa ta sauya, kiɗa ma sai ya sauya. Faɗarsa a baki da sauƙi. Amma a ce mutum ya juya wa kabarin kakanninsa baya a gaban fadawan da ke ganin haka abin kunya ne, wannan sai mai ƙarfin zuciya.

Ban ce shi kaɗai ya yanke shawarar ba, matsin Turawa na ciki, kuma babba ne. Sai dai an sha tilasta wa sarakuna ƙaura su je su zauna kamar fursunoni, suna ƙunci har ajali. Abin dubawa shi ne yadda mutum ya yi da wurin da ƙaddara ta kai shi. Kuma yana da abin koyi a tarihin ƙasarsa. Saifawa sun bar Njimi ta Kanem da Bulala suka matsa musu, Mai Ali Gaji ya gina Gazargamu a ƙarni na 15. Gazargamu ta faɗi, kakansa ya gina Kukawa. Borno ta saba ɗaukar sarautarta a ka ta kai ta sabon wuri.

Yerwa

Ranar 9 ga Janairu, 1907, Shehu Garbai ya sauka a wani fili kusa da Mafoni, ba nisa da wani tsohon ƙauye mai suna Maiduguri. Aka sa wa sabon garin suna Yerwa. Mutanen gari sun kasu biyu a kan asalin kalmar. Wasu na mayar da ita ga herwa, mai tushe ɗaya da kalmar Larabci da ta ba mu alheri, wato wuri mai albarka. Wasu kuma na cewa tana nufin kashe ƙishirwa, saboda ruwan Ngadda. Ko wanne aka ɗauka, suna ne na fata nagari. Mutumin da aka ƙone garinsu, aka kashe ’yan'uwansa, aka kore shi har Kanem, bai kira sabon mazauninsa da sunan baƙin ciki ko na tuna baya ba. Malamanmu na karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) yana son kyakkyawan fata, yakan kuma sauya mummunan suna da mai kyau. Ga misalinsa a aikace.

Bai kuma yar da Kukawa gaba ɗaya ba, ya ɗauko tsarinta. Aka gina fada tana fuskantar yamma, masallaci a gefenta, dandal ya miƙe daga ƙofarta, kamar dai yadda yake a tsohon gari. Unguwanni suka tashi, kuma sunayensu kaɗai darasi ne ga ɗalibin ginin kalma. Ɗafa-ƙeyar -ri a Kanuri na nuna mazaunin wani, shi ya sa ake da Shehuri, wato wajen Shehu, da Hausari, wato wajen Hausawa, waɗanda Kanuri ke kira Afuno. Unguwar Fezzan kuma ta Larabawan arewa ce da suka biyo shi. Fataken da suka ƙi komawa Kukawa sai ga su a Yerwa, domin nan ga ruwa, ga tsaro, ga hanya.

Kada mai karatu ya zaci daga nan sai hutu. Ikon da ya samu ragagge ne, Razdan na bisa kansa. Tsohon tsarin da masu sarauta ke zaune a fada suna cin garuruwan da ke nesa an rushe shi, aka mayar da su hakimai mazauna gunduma, waɗanda ake kira ajiya. Haraji ya koma na kuɗi, talaka bai daina jin jiki ba. A 1913 zuwa 1914 aka yi fari da yunwar da Hausawa ke kira Kakalaba, wadda ta ci rayuka da yawa a duk faɗin arewa, Borno na ciki. Tana ƙarewa yaƙin duniya na farko ya iso bakin iyaka, aka yi ta fafatawa da Jamusawa a dutsen Mora har 1916. A 1918 kuma annobar mura ta zo. Duk wannan a cikin shekara goma sha biyar ɗin da ya yi a Yerwa ne. Garin dai bai watse ba, ƙaruwa ma ya yi ta yi. A cikinsa aka haifi Kashim Ibrahim a 1910, yaron da ya zama Gwamnan Jihar Arewa a 1962.

Tsakaninsa da Wansa

Saura magana ɗaya, ita ce ta Sanda Kura. Bayan zaman Kwango ya dawo Borno. Duk wanda ya san tarihin gidajen sarauta ya san yadda irin wannan kan ƙare, balle gidan da ba a daɗe da kashe Hashimi ba. Ga tsohon Shehu da aka tuɓe ba da laifin da jama'a suka yarda da shi ba, ga ƙanensa a kan gado. Masu zuga ba za su rasa abin faɗa ba ta kowane ɓangare.

Ba a zubar da jini ba. Sanda Kura ya zauna a ƙarƙashin ƙanensa, har aka ba shi hakimcin Yerwa kanta, wato garin da Shehu ke zaune. Ni a nawa ɗan nazarin, yabon nan na su biyun ne. Shi wan ya haɗiye abin da aka yi masa, shi kuma ƙanen ya iya duban fuskar mutumin da kullum ke tuna masa da abin da ya faru a 1900, bai nemi a nisanta shi ba. Da yawanmu idan muka cuci mutum, shi muke fi ƙin gani.

Da na kai nan a karatuna ne na sayi sabon littafin rubutu. Kundin da ruwa ya ci ban iya dawo da shi ba, na gwada tuno shi shafi-shafi na ga wahalar banza nake. Na je na gaya wa malamina gaskiyar sakacin da na yi, muka sauya batun, na koma kan sunayen unguwannin Maiduguri da ma'anoninsu, abin da ban taɓa lura da shi ba sai da na bi sawun wannan bawan Allah.

Rasuwarsa

Shehu Abubakar Garbai ya rasu a 1922, Allah Ya jiƙansa da rahama. Wanda ya gaje shi kuwa shi ne Sanda Kura, shekara ashirin da biyu bayan tuɓe shi, ya kuma yi mulki har 1937 a garin da ƙanensa ya kafa. Bayansa aka ɗauko Shehu Umar Sanda Kyarimi daga Dikwa, ya yi shekara talatin. A zamaninsa ne, a 1957, aka haɗe Yerwa da kewayenta a ƙarƙashin sunan Maiduguri, ko da yake har gobe ’yan gari Yerwa suke cewa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedikwatar Jihar Arewa maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975. Ɗan Garbai, Shehu Umar, ya yi sarauta daga 1968 zuwa 1974, jikansa mai sunansa, Abubakar ɗan Umar Garbai, aka naɗa shi a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke a garin. Kukawa kuwa tana nan a matsayin hedikwatar ƙaramar hukuma, kaburburan Shehunan farko na cikinta.